Mai Nemo Ciniki Ma Sana'a Gare Shi: Jawabin Magatakarda a Taron Tahifet

 

Shugaban ƙungiya, ranka ya daɗe. Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, malamanmu, masu masaukinmu mutanen Tahifet da suka shimfiɗa mana tabarmi suka ɗora shayi tun da hantsi, da 'yan'uwana matasa, ina gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka hauro duwatsun nan daga cikin garin Tamanrasat, da waɗanda suka taso daga Ingizam da Arlit da Agadas, har da na Tawa da Damagaram da Kano, sannunku da hanya. Allah Ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, na raye kuma Allah Ya ƙara musu lafiya.

Kwamitin biki ya ce in yi magana a kan aikin masu tallata kaya da nemo ciniki. Zan fara da littafin rajistar da ke hannuna, domin shi ne aikina. In mutum ya zo shiga ƙungiya, akwai gurbin da nake rubuta sana'arsa. Wani in rubuta mai kaya, wani mai mota, wani direba, wani mai mangaza, wani ɗan dako. Amma akwai mutanen da in sun zo sai alƙalami ya tsaya, a ƙarshe a rubuta "yaron Alhaji wane". Ka tambaye shi me yake yi wa Alhaji, sai ya ce ai shi ne mai waya. To mai wayar nan shi ya san wanda ke neman lalle buhu hamsin, shi ya san wanda ya karɓi kaya bara bai cika kuɗi ba, shi ya san ranar da dabino zai tashi a Damagaram. Motar Alhaji ba ta motsi sai ya ce akwai mai saye. Amma a littafinmu ba shi da sana'a, kuma a ranar rabon riba sai abin da zuciyar maigida ta ba shi.

Abin da na zo faɗa ke nan yau: nemo ciniki sana'a ce mai zaman kanta, daban da mallakar jari, daban da mallakar mota. Tana da iliminta, tana da matakanta, ya kamata ta samu ladanta a rubuce.

A fahimce ni, ba zaman shago nake nufi ba. Mai zaman shago yana jiran wanda ya shigo, ya faɗi kuɗi, a taya, ya ce albarka, a ƙara, ya sallama. Wannan sayarwa ce, kuma ita ma da gwanintarta. Mai nemo ciniki aikinsa yana farawa tun kaya ba su baro inda aka noma su ba. Shi zai ce wa maigida kada a ɗauko wannan iri, ɗauko wancan. Kada a zuba a babban buhu, a rarraba. Kada a kai wannan wata, a jira. Kamfanoni suna ce wa wannan aiki maketin, suna ware masa ofis da albashi. Mu muna yin sa kullum, suna ne kawai ba mu ba shi ba.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wannan hanya. Masu masaukinmu na Ahaggar sun fi ni sani: kakanninsu suna sarar gishiri a Amadror, su ɗora wa raƙuma, su gangara kudu har Damargu su musanya da gero. A can wa ke karɓar su? Fatoma. Shi ke ba da masauki, shi ke ajiye kaya, shi ke nemo mai saye, shi ke tsaya wa baƙo in an yi bashi. Ƙarƙashinsa akwai dillalai masu zaga kasuwa, kowa da la'adarsa sananniya. A ayarin fatake kuma madugu ba shi ne lalle ya fi kowa kaya ba. Sanin hanya da sanin mutane ne suka ba shi gaba. Haka aka yi a kasuwar Kurmi ta Kano, haka aka yi a zangunan Gwanja wajen fataucin goro. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a 1877 ya rasu a 1955, da goro ya tashi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwar gyaɗa ta buɗe, kamfanonin Turawa suna da kuɗi suna da jirgi, amma ba su san manomi ba, ba su san ƙauye ba. Shi ya sani, kuma yana da yara a ko'ina masu saye da sunansa. Wannan sani shi ya zama jarinsa na gaskiya. Tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote ma da saye da sayarwa ya fara a 1977, masana'antu daga baya suka zo. Wato kakanninmu sun ba wannan aiki suna da daraja. Mu ne muka mayar da shi aiken yara.

Yanzu bari in zo kan namu na yau, domin namu ya fi na mai shago a Kano ko Alje wuya. Yawancin cinikinmu na halal a wannan iyaka yana tafiya ne a ƙarƙashin tsarin musayar kaya, wanda takardun hukuma ke kira turok, mu kuma mu ce ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda. Dokar da ma'aikatun Aljeriya suka fitar ran 2 ga Yuli 2020 ta jera abin da zai fita zuwa Nijar da Mali: busasshen dabino ban da Deglet Nur, gishiri, barguna, kayan roba da na alminiyam, sabulu da sauransu. Ta jera abin da zai shigo: dabbobi, lalle, koren shayi, kayan yaji, gero, mangwaro, rawani, shadda da makamantansu. Mai lasisin yin wannan ciniki babban ɗan sari ne mazaunin jihohin kudu mai rajistar kasuwanci, shi ya sa da yawanmu da abokan hulɗa 'yan ƙasa muke aiki. Abin da nake so matasa su lura da shi a dokar shi ne wannan: kuɗin da aka samu daga sayar da kayan kudu, kayan Aljeriya na cikin jerin za a saya da shi. Ma'ana kowace tafiya ciniki biyu ce. Ka sayar da lallenka da tsada a Tamanrasat, ka ji daɗi, ka ɗauko barguna ka isa Agadas da su zafi ya riga ya shigo, to ribar lallen ta kwanta a cikin barguna har wata shekara. Wanda ya iya sayarwa a gefe ɗaya kawai rabin ɗan kasuwa ne a wannan hanya. Daga Tamanrasat zuwa Ingizam kusan kilomita 400 ne, kafin a ce Asamaka, Arlit, Agadas. Ba tafiyar da ake yi a kan "ina jin za a saya" ba ce.

To me mutum zai iya kafin a ce ya iya wannan aiki?

Kowa zai ce harshe, kuma gaskiya ne: Hausa, Tamashek, Larabcin nan na kasuwa, Faransancin takarda, in da hali da Turanci saboda Najeriya. Amma akwai harshen da ya fi waɗannan kayar da baƙo, shi ne harshen kuɗi. A nan in mutum ya ce maka miliyan ɗaya, dinar 10,000 yake nufi, domin da santim yake ƙirga. In ya ce alf, dinar 10 ne. Ka tsallaka Nijar, a ce maka dala ashirin, sefa 100 ke nan, jika kuma sefa 1,000. Ka shiga Najeriya, tsoho ya ce jaka, shi naira 200 yake nufi. Yaro sabon zuwa yakan ji "miliyan huɗu" ya buga wa maigidansa waya yana rawar jiki, alhali dinar 40,000 ake magana. Kuna dariya, amma irin wannan ta sha zuwa ofishinmu a matsayin ƙara. Bayan ƙirga kuma sai canji. Sefa a ɗaure take da yuro, sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta motsi sai yuro ya motsa. Naira tun watan Yuni 2023 aka sake ta kasuwa ta yi mata farashi, kun ga abin da ya biyo baya. Dinar kuwa farashi biyu gare shi, na banki da na bakin titi. Mai nemo ciniki dole ya iya ɗaukar farashin buhu a Kano, ya ɗora kuɗin mota, dako, duwan, abincin hanya da abin da zai lalace, ya juya shi zuwa sefa, ya sake juya shi zuwa dinar, kafin ya buɗe baki ya faɗi kuɗi. Wanda bai iya wannan ba zai yi ta sayarwa da hannu bibbiyu, uwar kuɗi tana narkewa bai sani ba.

Sai sanin lokaci. A nan zan ɗan daɗe, domin dabino shi ne ƙashin bayan da yawa daga cikinmu. Dabino yana da kalanda biyu da ba sa tafiya tare. Girbinsa yana bin rana: galibi tsakanin Satumba da Disamba ake sauke shi a Insala, Adrar, har zuwa Biskra. Kasuwarsa kuwa tana bin wata, domin azumi ne ke tayar da ita, azumi kuma kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka. A 2015 azumi ya kama a tsakiyar Yuni. Lokacin mutum yana da wata shida ya saya, ya ajiye, ya yi jigila a natse. Damuwarsa ita ce mangaza da tsutsa da kuɗin da ya kwanta. A 2025 azumi ya kama a farkon Maris. Tazarar ta ragu, wanda ya yi jinkirin lodi sai ya isa an sha ruwa goma, kasuwa ta riga ta cika. Masu lissafi sun nuna a 2030 azumi zai zo sau biyu, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. Bayan nan zai shiga tsakiyar girbi, daga baya ya riga girbi, a koma sayar da na bara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yanayi dabararsa daban: yaushe za a saya, wane iri, Degla Baida ko Mesh Degla masu jure hanya, nawa za a ajiye, wa za a ba bashi. Dattawan da ke zaune a gaban nan sun ga wannan zagaye ya cika sau ɗaya, wasu sau biyu, domin shekara talatin da uku yake ɗauka. Mu 'yan shekara talatin da wani abu ba mu taɓa yin kasuwar azumin da ya faɗo cikin girbi ba. Wannan ilimi yana kanku, iyayenmu, ba ya cikin waya, kuma in ba ku zaunar da mu kun faɗa mana ba, da kuɗinku za mu koye shi.

Haka labari. A 2025 gwamnatin Aljeriya ta yanke shawarar shigo da tumaki har miliyan ɗaya saboda layya, aka kawo daga Romaniya da Sifen ta jirgin ruwa, aka sa musu farashin dinar 40,000. A arewa aka sauke su, nesa da mu. Amma mai ragunan da ya ji labarin tun ranar da aka sanar, da wanda bai ji ba sai da ya iso kara, ba lissafi ɗaya suka yi ba. Haka rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, haka rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023. Sauraron rediyo da karanta sanarwar hukuma cikin aikin yake. Daga ciki har da sanin abin da ba a fita da shi. A Maris 2022 an hana fitar da sukari, taliya, mai, samolina da dangin alkama, kayan tallafi kuwa dama haramtattu ne a kan iyaka. Mai saye a kudu zai roƙe ka, zai ce ko nawa ne. Ƙwararre shi ne mai cewa babu, ya nuna masa abin da ke akwai. Ribar tafiya ɗaya ba ta kai mota da 'yancin direba ba, kuma ƙungiya ba ta da bakin zuwa ceto a irin wannan.

Akwai wani gefe da muka bari a baya ƙwarai, shi ne suna da shiri. Mu mutanen buhu ne. Mu kawo lalle a buhu, citta a buhu, barkono a buhu, mu sayar da sari mu juya. Wani ya saya, ya niƙa, ya tankaɗe, ya zuba a ƙaramar leda ko kwali, ya buga suna da lambar waya, ya sayar da kilo ɗaya a kuɗin da ba za mu so mu ji ba. Wahalar hamada tamu, ribar tasa. Ba laifinsa ba ne, aikin da muka ƙi ne ya yi. Ku dubi albasar Galmi. Albasa dai albasa ce, amma da aka san ta da suna, har Abijan da Akara ana neman ta da sunan. Ita da kilishin Nijar har rajista aka yi musu a hukumar OAPI da ke Yawunde, don kada wani ya ɗauki sunan ya liƙa wa nasa. Haka Deglet Nur ta Tolga ta yi suna. Suna kuɗi ne. Sai dai shiri yana da ƙa'ida: abin da za a sa a kanti a Aljeriya sai da rubutun Larabci a jikinsa, abin ci da aka ƙulla don kantunan Najeriya kuma sai da lambar NAFDAC. Wanda ya san yadda ake bin waɗannan takardu, shi ma mai sana'a ne.

A nan dole in yaba wa iyayenmu mata. Hajiyoyin da ke harkar turaren wuta, humra, shadda da yajin daddawa sun riga mu nisa. Mace za ta ƙulla kayanta da tsabta, ta sa ɗan ƙyalle, ta ba ki ki shinshina kyauta, ta tuna ranar bikin 'yarki ta kira ki wata guda kafin nan. Ba ta da mota, ba ta da mangaza, amma masu sayenta ba sa barin ta. Da yawansu tun suna yara suka fara da tallan tire a ka. Mu maza muna ganin abin kamar ƙaramin ciniki ne. In za a buɗe littattafai a gwada riba a kan kowane dinar da aka zuba, ina jin da wasu manyan riguna sun yi shiru.

Waya kuwa, kowa ya san ta canza aikin, ba sai na tsawaita ba. Ana ɗaukar hoton kaya a Dawanau a gan shi a Tamanrasat kafin a ɗinke buhu. Ana talla a WhatsApp da Facebook da TikTok, 'yan arewa suna duba Ouedkniss, kuɗi suna tafiya ta BaridiMob a nan, ta Nita da Amana a Nijar, ta OPay da Moniepoint a Najeriya. Abu ɗaya kawai zan ce wa matasa: hoto alkawari ne. In ka ɗauki saman buhu ka ɓoye ƙasansa, ka sayar sau ɗaya ke nan, kuma saƙon murya da za a yi a kanka zai riga motarka isa Agadas. Da can mai ha'inci yakan canza kasuwa. Yanzu kasuwar duka a aljihu ɗaya take.

To ina wannan hanya take kai mutum? Wannan ita ce tambayar da ƙannenmu ke yi, kuma in ba mu ba su amsa ba, Jado da Cibarakatan za su ba su. Tun da aka samu zinariya a can a 2014, yara nawa muka rasa daga shaguna da garejin nan? Wasu sun dawo da abin hannu, wasu sun dawo da tari, wasu ba su dawo ba. Wasu kuma sun nufi arewa suna hangen teku. Ba ƙin sana'ar iyaye suka yi ba. Sun duba ne suka ga mutum ya shekara goma yana nemo wa maigida ciniki, har ya yi aure ya haihu, ana nan ana ce masa yaro.

A tsarinmu na gado hanyar a bayyane take. Ka fara da shara da aike, ka koma awo da ƙirga, a fara aiken ka rakiyar kaya, a bar maka shago ka yini, sannan a zaunar da kai a wani gari ka zama idon maigida. Ƙarshenta a sallame ka: a ba ka jari, ko a ba ka kaya bashi, ko a haɗa ka da masu ba da kaya a ce wannan ɗana ne. Alhazan Maraɗi da yawa ta haka suka tashi, na Kantin Kwari ma haka. Tsari ne mai kyau, illarsa ɗaya: ba shi da wa'adi. Sallama tana hannun maigida, in ya ga dama shekara biyar, in ya ga dama sai magada sun zo rabon gado su ce ba su san da maganar ba.

A kamfani kuma matakan a rubuce suke. Mutum yakan fara da bin motar rarraba kaya kanti-kanti, ya zama wakilin ciniki mai unguwanni ko garuruwan da aka ba shi, ya zama mai duba wakilai, ya riƙe yanki, har ya kai shugaban sashen ciniki. Gefe guda akwai masu binciken abin da jama'a ke so, masu tsara talla, masu kula da sunan kaya. Akwai albashi, akwai kamasho a kan abin da ka sayar, akwai adadin da ake so ka kai kowane wata, in ka kasa kuma ba sani ba sabo. Kamfanonin arewa masu firji da talabijin da sabulu da kayan roba, irin su Condor ta Burj Bu Arrerij, idonsu yana kan kasuwannin kudu da hamada. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2021, kuma a Satumba 2025 an yi babban baje kolin cinikin ƙasashen Afirka a birnin Alje. Duk mai son sayar da kaya a Damagaram ko Kano yana buƙatar wanda ya san Damagaram da Kano, da ɗan gari akan ci gari. Wannan mutum yana cikin taron nan. Abin da ya rasa takarda ce. In an tambaye shi shaidar aiki, ba shi da ko layi ɗaya, sai a ɗauki mai digirin da bai taɓa ganin Asamaka ba, shi kuma a ɗauke shi tafinta.

Ba ina raina karatu ba ne, ni da na tsaya a sakandare na san abin da takarda ke buɗewa. Mai hali ya tura ɗansa. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFPA, akwai jami'a a Tamanrasat, akwai ta Agadas, a Tawa ana koyar da harkar kasuwanci da tafiyar da kamfani, a Jami'ar Bayero ta Kano akwai makarantar kasuwanci ta Ɗangote. A Najeriya har hukumar ƙwararrun wannan aiki gare su, NIMN, wadda doka ta kafa a 2003. Amma yaron da ya haɗa karatun da zaman mangaza lokacin hutu, shi ne wanda ba a kayarwa. Bajen kolin Assihar da ake yi a Tamanrasat tun shekarun 1970 ma makaranta ce ta kyauta: ka zaga rumfuna, ka ga yadda wasu ke jera kaya da rubuta farashi, ka karɓi lambobi.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi, ku yi mini afuwa, Alhazai. Ƙarar da ta fi yawan maimaituwa a teburina iri ɗaya ce. Saurayi ya yi wata da watanni yana bin wani babban mai saye, ya sha shayi da shi, ya kai masa samfur da kuɗin aljihunsa, har aka yi lodin farko. Aka ba shi na goro. Lodi na biyu maigida ya riga ya karɓi lambar mutumin, sai su ƙulla kai tsaye, saurayi ya ji labari a bakin direba. In ya yi magana a ce ai kayan ba nasa ba ne. Gaskiya ne kayan ba nasa ba ne, amma mai sayen nasa ne. Abin da ke biyo baya kuma kun sani: gobe in ya samu wani mai saye zai ɓoye shi, ko ya kai shi wajen wani maigidan, ko ya ɗora nasa a kan farashi a ɓoye. Daga nan amana ta mutu, kowa yana tsoron kowa.

Su ma matasa ba zan wanke su tas ba. Akwai mai faɗa wa mai kaya kuɗi kaza, ya faɗa wa mai saye wani, ya cinye tsakani kuma ya miƙo hannu a ba shi la'ada. Akwai mai kawo abokinsa ya yi tayin ƙarya don kuɗi ya hau, abin da malamanmu suka sha gaya mana shari'a ta hana. Akwai mai karɓar kuɗin ciniki ya juya su kwana goma kafin ya kawo. Mai yin haka shi ke ba maigida hujjar riƙe hannu, kuma yana ɓata wa na kirki suna. Duk rigingimun nan tushensu ɗaya, ba a rubuta komai ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu ba rashin yarda ba ne.

Saboda haka ofishin magatakarda yana gabatar wa taro da buƙata, shugaba, in ka ba da izini. A buɗe gurbi a rajista mai suna "mai nemo ciniki", mutum ya shiga da sunansa, da shaidar mambobi biyu, a ba shi kati. A buga takardar la'ada guda ɗaya da Hausa da Larabci da Faransanci, a bar gurbin kaso a buɗe, domin na dabino ba zai zama na dabba ba, masu kowane kaya su zauna su tsayar da nasu. Amma a rubuta a ciki cewa mai sayen da mutum ya kawo, yana da haƙƙi a lodin da suka biyo baya har zuwa wa'adin da aka amince. Wanda ya ɗauki yaro kuma a rubuta shekarar da aka fara da shekarar da za a zauna maganar sallama. Duk wanda ya yi aiki da gaskiya ya zo tafiya, ƙungiya ta ba shi takardar shaida mai hatimi wadda zai iya nuna wa kamfani. Wanda aka kama da cin tsakani ko tayin ƙarya, bayan an ji ta bakinsa, a karɓe katin.

Abu na ƙarshe ba ya cin kuɗi sai sukari da ganyen shayi. Muna roƙon dattawa uku ko huɗu su ba mu yammacin Juma'a ɗaya a wata, a ofishin ƙungiya, su koya mana lissafin lodi da kalandar kaya, mu kuma masu waya mu nuna wa duk mai so yadda ake ɗaukar hoto da tura kuɗi. Ni zan riƙa rubuta abin da aka faɗa a ajiye. Ina roƙon a fara da dabino, kafin girbi mai zuwa.

Na kawo samfurin takardar la'adar, kwafi yana wajen ma'aji, wanda bai iya karatun boko ba a karanta masa. Bayan sallar la'asar shugaba zai ba da dama a yi gyara, sannan a ɗaga hannu.

 Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya mayar da kowa gida lafiya.